Ɗakin Mota da Tafiyar Damagaram

Sana'ata saye da sayarwa ce. Na fara da tsofaffin tayoyi a bakin tasha, na koma kayan gyara, daga baya na kai ga motocin kansu, irin waɗanda suka sha wuya a hannun wasu. Duk ƙarfen da ya shigo filina a Matameye yakan sami mai ɗauka, ko ba daɗe ko ba jima. Abu ɗaya ne ya zauna mini, shi ne ɗakin mota.

Wani Bature da ya gama aikin rijiyoyi a yankinmu ne ya sayar mini da shi, haɗe da bashensa, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya, lokacin da zai koma ƙasarsu. Babban akwati ne fari da ake ɗora wa bashe a baya a ɗaure, ya zama ɗaki. Akwai gado a ciki, da ɗan benci, da taga biyu, da wani murhun ɗumama ɗaki mai aiki da gaz da batir, wanda Baturen yake kira shofaj. A kusurwoyinsa huɗu akwai ƙafafun ƙarfe, kowace ƙafa kirik ce, irin jak ɗin ɗaga mota, mai zaman kanta. In ka juya mariƙinta sai ta miƙe ta ɗaga akwatin, motar ta shiga ƙarƙashinsa ko ta fita. Bashen na riƙe don aikina. Ɗakin kuwa na sauke shi ƙasa-ƙasa a ƙarshen fili, na yi masa abin da nake yi wa kowace haja: aka wanke, aka rufe duk abin da zai ɓata wa mai saye ido, aka bi shi da farin fenti tun daga sama har ƙafafu. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Su shiga, su zauna a kan gadon, su yi dariya, su fita. Damina biyu ta same shi a wurin.

A tsakanin daminan nan biyu matata ta rasu. Ƴaƴana mata suna gidajen mazajensu, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Kano, namijin kuma yana aiki a Yamai. Gidan ya yi mini yawa. Na koma wuni a fili, ina sayen tuwo a wurin wata mai abinci, ina ci a kan benci ni kaɗai, rediyo na magana a gefe.

Ran wata Litinin da yamma, sanyi ya kankama, matar yayana ta kira ni daga ƙauyenmu da ke gaba da Kurni.

"Alhajin ƙarfe, kana nan da ranka?"

"Ina nan, matarmu. Yau wace rana aka tuna da ni? Ko kin gaji da tsohon ne za ki dawo birni?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yayanka ne. Tarin nan da ya kama shi tun girbi ya kwantar da shi. Ba ya iya zama. In iska mai sanyi ta taɓa shi numfashinsa sai ya tsaya a wuya. Majo ya ba mu takarda, ya ce a kai shi babban asibitin Damagaram ran Alhamis, a isa da sassafe, ran nan ne mai duba ƙirji yake zama."

Majo shi ne ma'aikacin lafiyar da ke kula da ƙauyukan wajen. Na tambaye ta ina yaran. Ta ce duk sun tafi cin rani, biyu a Ikko, ɗaya ma ba a san garin da yake ba sai in ya kira.

Yayan nan nawa shi kaɗai ya rage mini a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya. Ya girme ni sosai. Shi ya koya mini riƙon hauya, kuma bai taɓa yafe mini ajiye ta da na yi ba, ko da yake bai taɓa faɗa da baki ba. Muna gaisawa da salla, mu yi maganar ruwa da hatsi, mu rabu.

Na shiga lissafin hanya. Gaban bashe wurin zama ne, shi kuwa ba ya zama. Bayan bashe a buɗe yake, kuma wanda zai isa Damagaram da sassafe dole ya tashi bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ke yanka fata. Ko bargo goma ka rufa masa, iskar da zai shaƙa ita ce matsalar. Sai na juya na dubi ƙarshen fili.

Na ce mata, "Ki shirya shi. Laraba kafin magariba ina nan tafe da ɗaki."

"Da me?"

"Da ɗaki. Za ki gani."

Talata da safe na ɗauko mariƙin daga inda na rataye shi. Aikin a ido mai sauƙi ne: a ɗaga akwatin har ya wuce tsayin bayan bashe. Na fara da ƙafar gaba ta dama. Ta yi tauri, fenti ya tsage yana zubowa ɓarɓashi, sannan ta fara tafiya. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu, ta baya ta hagu, ko motsi. Na zuba mata baƙin mai, na jira, na sake. Na buga mata guduma a gefe. Ba ta san ina yi ba.

Da akwai maza shida da an kama kusurwar nan an ɗaga, an tura ganga a ƙarƙashi, an ci gaba. Na fita unguwa. A gida na farko na yi sallama, matar ta amsa daga cikin zaure: maigida yana Kano tun bayan girbi. Na biyu yana Fatakwal. Na uku ya bi wata mota zuwa Abuja, sai azumi. Na bi layinmu har ƙarshe, ban sami kowa ba sai tsofaffi biyu a gindin bishiyar bedi suna shan hantsi, ɗayansu ma sai an kama shi yake tashi. Shekara da shekaru ina zaune a garin nan, na san rani yakan kwashe maza, amma ban taɓa ƙirga ƙofofin da ƙafata ba sai ran nan. Masu ɗaukar kaya na tasha kuwa duk sun bi manyan motoci kasuwar ƙauye.

Na dawo raina a ɓace, na yi abin da nake hana mutane yi. Na zura dogon bututu a mariƙin don in ƙara ƙarfi, na hau da dukan nauyina. Sai na ji ƙas. Mariƙin ya koma juyawa a banza kamar ludayi a cikin ruwa.

Na daɗe a tsugunne a wurin. Sannan na mirgino ganga, na jera katakai a kanta har suka tokare kusurwar, na kwance ƙafar daga jikin ɗakin, na ɗaure ta a bayan babur. Akwai wani tsohon makaniki a bayan kasuwa wanda gwiwoyi suka hana shi shiga ƙarƙashin mota. Yanzu a kan tsohuwar kujerar mota yake wuni, ana kawo masa ƙananan abubuwa.

Ya juya ƙafar a kan cinyarsa, ya kankare ta da farce, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya yi mata wannan kwalliyar?"

"Ni na sa aka yi, Baba."

"Na sani. Tambaya ce kawai. Ku dillalai in aka ba ku jaki sai kun shafa masa jan baki." Ya nuna mini inda ƙaramin bututun ƙafar yake shiga cikin babban. "Ka ga nan? Fentinka ya gangara ciki, ya sami yashi, ya sami ruwan damina biyu. Ai walda ka yi mata. Ka hau ta da bututu ko?"

Na ce na hau.

"Ka gode wa Allah. Akwai wani ɗan fil a ciki, an yi shi ne don ya karye kafin haƙoran su karye. Shi ya fanshe ka."

Muka warware ta. Na wanke da gasuwal, wato man dizal, na kankare fentin da wuƙa da takardar goge ƙarfe har fatar yatsuna ta saluɓe, shi yana zaune yana ba ni umarni yana tauna goro. Ya zaɓo wata ƙusa mai laushi daga gwangwaninsa, ya yanke ta daidai, ta maye gurbin fil ɗin. Muka cika ta da gires. Da zan tafi ya ce, "Juyi goma-goma za ka yi wa ƙafafun, kana zagayawa. In ka fifita ɗaya, akwatin zai karkace ya murɗe sauran. Wa zai kama maka?"

"Ba kowa."

Ya gyaɗa kai.

La'asar ta yi kafin in mayar da ƙafar. Ta juya kamar sabuwa. Na bar ɗagawa sai gobe, na shiga ciki wajen murhun, don in ɗakin ba zai yi ɗumi ba duk wahalar banza ce.

Na tuna yadda Baturen ya nuna mini. Na haɗa batir, na ɗaura butel, wato tukunyar gaz, na murɗa abin da ke bango. Fanka ta tashi. Na ji tas, tas, tas, abin kunna wutar yana bugawa. Ta wani ɗan gilashi kamar ƙwayar ido na ga wuta ta kama, ja-ja, ta yi rawa, ta mutu. Ya sake gwadawa da kansa, haka. Karo na uku, haka. Daga nan sai fankar kawai take hura iska mai sanyi.

Na bi abin daki-daki kamar yadda nake bin motar da ta ƙi tashi. Na ce ko batir ne ya yi rauni, na ciro na bashe na sa. Na duba fizibil, wato fis ɗin wuta, lafiyarsa lau. Na canza butel. Na canza kan butel ɗin, na sa na murhun girkin matata da yake ajiye tun bayanta. Duk ɗaya ne: wutar ta kama, ta yi rawa, ta mutu. Duhu ya fara shigowa, na rufe na tafi masallaci.

Bayan isha'i matar yayana ta sake kira. Na gaya mata gaskiya, cewa ɗakin zai hau mota amma wutarsa ta ƙi zama.

"To mene ne? A sa kasko mana. Ga gawayi nan buhu guda."

"A'a."

"Kai da iyayin tsiya. Da kasko aka raine ku, kai da shi."

"A ɗakin kara aka raine mu, matarmu, iska tana shiga ta ko'ina. Wannan in an rufe ƙofarsa kamar tukunya yake. Na san direban da ya kwanta da gawayi a rufaffiyar mota, da safe sai fasa gilashi aka yi. Ba zan sa mai ciwon ƙirji a ciki da kasko ba."

Ina jin tarin yayana daga nesa ta cikin wayar, mai tsawo, irin wanda ba ya ƙarewa sai ya gaji don kansa. Ta ce, "To kai ka sani," ta kashe.

Laraba ina idar da sallar asuba na koma. Na kwance fuskar murhun, na goge bakin abin kunna wuta, na ciro ɗan bututun da gaz ke fitowa na busa shi, na zura masa siririyar waya. Na mayar. Ta kama, ta mutu. Amma a wannan karon, da yake fuskata tana kusa, na ji wani wari mai kama maƙogwaro, idona ya kawo ruwa. Na fito waje ina tari, na zauna a kan wata taya ta ɓangaren gabas, na rasa abin da ya rage in taɓa.

Hantsi ya fara dukan jikin ɗakin a karkace. Ina kallon farin bangon nan ba don komai ba, sai na ga wasu ƴan ƙananan inuwoyi huɗu a ƙasa, daidai bayan inda murhun yake. Kawunan ƙusoshi ne a ƙarƙashin fenti.

Nan take na tuna. A wurin nan akwai wata kafa mai baki biyu, da baƙin hayaƙi ya zagaye ta. Mutum na farko da ya zo taya ɗakin ya sa yatsa a wurin ya ce, "Alhaji, wannan ya taɓa gobara." Ya tafi bai dawo ba. Washegari na kira mai aikin kwano ya yanko falle mai kyau ya rufe kafar, mai fenti ya bi ta kai. Na ma tsaya a baya na yaba aikin. Ban taɓa tambayar kaina amfanin kafar ba, tunda ba ni zan kwana a ciki ba. Ta baki ɗaya wutar take jan iska, ta ɗayan take fitar da hayaƙi. Ni da hannuna na toshe ta, na kuma kwana biyu ina zargin batir.

Na sa kurfi da guduma na sare kawunan ƙusoshin. Fallen ya faɗo. Ta wata ƴar tazara a gefensa zanzaro ya sami hanya, ya gina gidajensa na laka a cikin bututun, jere-jere har inda hannuna ba ya kaiwa. Na lanƙwasa waya na yi ta sakato su, na ƙarasa da famfon taya. Na koma ciki na murɗa. Tas, tas, sai wani ɗan sauti mai taushi. Wutar ta tsaya, shuɗiya, ba rawa. Na sa tafin hannu a bakin murhun har iskar ta fara ƙona ni. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, na juya kamar zan gaya wa wani. Na fita na tsaya a bakin kafar, na tabbatar hayaƙin waje yake fita, na bar shi yana ci, na rufe ƙofa na zauna a ciki rabin awa don in akwai abin da zai kama kai ya fara da nawa. Ba abin da na ji sai ɗumi.

Bayan azahar na fara ɗagawa. Goma a gaba ta dama, in zagaya, goma a gaba ta hagu, goma a baya, goma a ɗayar bayan. In dawo. Ban ƙirga zagaye nawa na yi ba, amma sawuna ya yi hanya a cikin yashi. Da akwatin ya yi sama sai ya fara lilo a kan siraran ƙafafun nan, ƙafa ɗaya kuma ta soma nutsewa, dole na dakata na tura mata faifan ƙarfe a ƙasa. Shigar da bashe ya fi komai cin rai. Tsakanin taya da ƙafar kirik bai wuce faɗin tafin hannu ba ta kowane gefe, kuma in ka taɓa ƙafa ɗaya ɗakin gaba ɗaya zai kife. A irin wannan wurin mutum ɗaya yakan tsaya a baya yana cewa zo, zo, tsaya. Ni sai in ja baya taku ɗaya, in ja birki, in fito in duba hagu da dama, in koma. Da ya zauna daidai na sauke shi a hankali, na naɗe ƙafafun, na ɗaure shi da sarƙa ta kusurwa huɗu. Na isa ƙauye ana kiran magariba.

Ran Alhamis bayan asuba na kunna murhun tun kafin a fito da shi. Gadon ya yi tsayi, don haka na shimfiɗa katifa a ƙasa. Muka ɗauko shi a cikin tabarma, ni da matarsa da wasu mata biyu maƙwabta da limamin ƙauyen. Bai kai nauyin buhun gero ba. Mun rufe masa fuska da mayafi saboda tazarar da ke tsakanin ɗakinsa da mota. Da muka kwantar da shi aka yaye mayafin, ya buɗe ido ya bi rufin da kallo, ya ja numfashi a hankali, ya sake ja.

"Auta," ya ce. Rabon da in ji wannan kiran tun rasuwar innarmu. "Ɗakin wa ka sato?"

"Nawa ne, Yaya."

"Ɗumi kamar na mai jego." Ya rufe ido. "Ashe ƙarafan naka suna da rana."

Matarsa ta zauna a benci da ƙullin kayansu a cinya. Babu taga tsakanin ɗakin da wurin direba, don haka na ce mata in wani abu ya faru ta buga bangon gaba sau uku da ƙarfi. Na rufe su, na zagaya na shiga gaba.

Ban taɓa yin tuƙi irin na ran nan ba. Na kashe rediyo. Hanyar yashi ce har a fita titi, kuma duk ramin da na faɗa sai sarƙa ta yi ƙara, in ɗauka bugu ne, in cire ƙafa daga mai in kasa kunne. Suna bayana da taku biyu, ban san ko yana numfashi ba. Yatsuna suka ƙage a kan sitiyari don sanyi. Na wuce Matameye ban dubi filina ba. A Kance na tsaya, na buɗe ƙofar kaɗan. Ɗumi ya bugi fuskata. Yana barci, bakinsa a buɗe, ita kuma ta kore ni da hannu kada in shigar da iska. A Takeita ban buɗe ba, na taɓa bakin kafar kawai na ji zafi yana fita, na koma.

Rana ta ɗan ɗaga muka shiga Damagaram. Ma'aikata biyu suka kawo gadon turawa. Ɗayansu ya leƙa cikin ɗakin ya ce bai taɓa ganin an kawo marar lafiya daga ƙauye a wannan watan da gumi a goshi ba. Mai duba ƙirjin ya gan shi kafin azahar, ya ce za a riƙe shi, an kawo shi a kan lokaci.

Mutum ɗaya ake bari ya zauna da majinyaci. Na tsaya a bakin gadon ina juya makullin mota a hannu. An sa masa robar iska a hanci. Ya ɗago yatsa ya kira ni, na sunkuya.

"Koma gida," ya ce. "Ka bar fili ba kowa."

Matarsa ta rako ni har ƙofar ɗakin majinyata, ta ce Allah ya saka da alheri, ta juya da sauri don ya fara tari.

Ya yi kwanaki a can har sanyi ya karye. Babban ɗansa ya dawo daga Ikko ya mayar da shi ƙauye a motar haya, a zaune. A waya aka gaya mini, bayan sun isa da kwana biyu. Ina cikin fili lokacin, na ce madalla, na tambayi ko yana cin abinci. Aka ce yana ci, har ya fara faɗa a kan irin da za a shuka bana. Na ce a gaishe shi.